Ɗan Na-Gada da Ɗan Na-Koya: Sharhi Kan Wasan Hou Lang da Likitancin Gargajiyar Sin

A watan Mayun 2023 gidan talabijin na Dragon TV da ke Shanghai da dandalin Youku suka fara haska wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, mai fitowa 40, mai suna Hou Lang, wanda aka tallata a ƙasashen waje da sunan Gen Z. Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Ren Xinzheng, farfesa a wata jami'ar likitancin gargajiya, ya gaji da ganin ana yaye ɗalibai masu takardar shaida waɗanda hannunsu bai faɗa ba, sai ya ajiye aikinsa ya buɗe aji irin na dauri, inda almajiri zai zauna gaban malami ya koyi sana'a da ɗabi'a a lokaci guda. Cikin waɗanda suka taru a ajin akwai wata lauya, da wani likitan zamani da ya shigo da shakkunsa, da wani ɗan ƙauye da talauci ya yi wa katutu, da ɗan farfesan na cikinsa, Ren Tianzhen, wanda ba sa ga-maciji da uban a kan al'amura da yawa. Tauraruwar labarin kuwa ita ce Sun Toutou, marainiya mai kai wa mutane abinci a kan babur, wadda aka gano cewa jinin gidan Jiang ce, gidan da ya shahara a fasahar soka siraran allurai a jiki domin magani. Wu Gang ne ya fito a matsayin farfesan, Zhao Lusi kuma, wadda matasan Sin ke rububin kallonta, ta fito a matsayin marainiyar.

Wanda ya ɗauki wasan a matsayin labarin soyayya da raha tsakanin matasa bai yi kuskure ba, domin akwai su a ciki. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai wata muhawara da Sinawa suka shafe kusan shekara ɗari suna tafkawa, wato wane ne ya cancanci a kira shi likita, kuma ta wace hanya ilimin magani ke ratsawa daga tsara zuwa tsara. A ganina wasan ya rungumi rabin wannan tambaya da gaske, ya nuna yadda ake miƙa gado da abin da ke salwanta idan an miƙa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, ya kauce masa: a cikin kayan gadon, wanne ne ya cancanci a miƙa, wanne ne ya kamata a ajiye, kuma da wane ma'auni za a tantance?

Ba za a fahimci ɓacin ran farfesa Ren ba sai an koma 1929. A watan Fabrairun wannan shekara kwamitin lafiya na gwamnatin 'yan kishin ƙasa da ke Nanjing ya amince da wata shawara da Yu Yunxiu, likitan da ya yi karatu a Japan, ya gabatar, cewa a daina yi wa sababbin masu maganin gargajiya rajista kuma a hana su buɗe makarantu, ta yadda sana'ar za ta mutu tare da tsofaffin da ke riƙe da ita. Masu sana'ar da masu sayar da itatuwan magani suka yi gangami a Shanghai ranar 17 ga Maris, suka tura wakilai Nanjing, gwamnati ta ja da baya. Sun tsira, amma sun koyi darasi: idan suna son su rayu a ƙasar da ke hanƙoron zama ta zamani, dole su yi kama da zamani, su sami makarantu da jarrabawa da mujallu.

Gwamnatin Kwaminis da ta hau mulki a 1949 ce ta kammala wannan sauyi, kuma dalilinta na farko buƙata ce, domin likitocin zamani da ke ƙasar ba za su iya ɗaukar nauyin jama'ar da ta haura miliyan 500 ba. A 1955 aka kafa cibiyar binciken likitancin gargajiya a Beijing, a 1956 aka buɗe kwalejoji huɗu a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, a 1958 kuma Mao Zedong ya bayyana fannin a matsayin babbar taska da ya wajaba a tono a kuma ɗaukaka. Aka tattara koyarwar gidaje da mazhabobi masu saɓa wa juna, aka tace, aka zubar da abin da ya yi kama da tsubbu, aka mayar da sauran littattafan aji masu babi-babi. Saboda haka abin da duniya ke kira likitancin gargajiyar Sin a yau, duk da cewa saiwarsa na cikin littattafan da suka kai shekara 2,000 kamar Huangdi Neijing, tsarin da ake koyar da shi a kai sai a shekarun 1950 aka kafa shi. Kundin tsarin mulkin 1982 ya ɗora wa gwamnati nauyin bunƙasa likitancin zamani da na gargajiya baki ɗaya, kuma har gobe asibitocin iri biyun na tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Ƙorafin da wasan ya sa a bakin farfesan ƙorafi ne na gaske da manyan masu sana'ar suka daɗe suna yi. Ɗalibin da ya yi digirin shekara biyar yana kashe kaso mai tsoka na lokacinsa a kan ilimin sassan jiki da haɗa magunguna da nazarin cututtuka irin na zamani, abin da ya dace ƙwarai da wanda zai riƙe rayukan mutane, amma sau da yawa yakan fito ya fi sakin jiki da takardar gwajin jini a kan yatsunsa. Alhali ginshiƙin sana'ar a kan abubuwa huɗu yake: duban majinyaci, musamman launin fuskarsa da harshensa, sauraren muryarsa da jin warin jikinsa, yi masa tambayoyi, da taɓa bugun jijiyarsa. Na ƙarshen nan shi ne mafi wuyar koyo. Likita na ɗora yatsu uku a wuyan hannu, kowane yatsa a gurbinsa, yana dannawa sama-sama, sannan tsaka-tsaki, sannan can ƙasa, kuma tsofaffin littattafai sun lissafa nau'in bugu har 28, daga mai santsi zuwa mai tauri kamar tsirkiya. Irin wannan ba a haddace shi daga allo. Sai malami ya taɓa, almajiri ya taɓa bayansa, malami ya ce masa abin da ka ji ɗin nan shi ne kaza, a maimaita a kan ɗaruruwan mutane. Ko wanda bai yarda cewa bugun jijiya na faɗin duk abin da ake jingina masa ba zai yarda cewa, in dai za a koya, to ta wannan hanyar kaɗai za a koya.

Sai dai kada mai kallo ya ɗauka farfesa Ren ɗan tawaye ne da ya fita daga tsarin hukuma. Tun farkon shekarun 1990 gwamnati ta fara haɗa tsofaffin ƙwararru da zaɓaɓɓun almajirai a hukumance, a 2009 ta naɗa mutum 30 na farko da ta ba laƙabin gwanayen likitancin ƙasa, sannan dokar likitancin gargajiya da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017 ta buɗe ƙofa ga wanda ya koya a hannun malami, ko ya daɗe yana aiki, ya sami lasisi ba tare da digiri ba, muddin likitocin gargajiya biyu sun tsaya masa kuma ya ci gwajin da hukumar lardinsa ta shirya. Ajin da aka nuna a wasan hoton wannan manufa ce, an yi mata kwalliya da kyawawan fuskoki. Marubuciyar wasan, Liu Liu, wadda ta yi suna da labaran da suka taɓo tsadar gidaje da rayuwar asibiti, ita kanta ta je ta yi karatun fannin a jami'ar likitancin gargajiya ta Guangxi kafin ta rubuta shi. Da alƙalamin wadda ta riga ta yi imani aka rubuta labarin, kuma ana jin haka a kusan kowace fitowa.

Inda wasan ya fara ba ni matsala shi ne batun jini. Bahaushe ya ce ɗan na-gada ya fi ɗan na-koya, kuma wanda ya taso a inda ake kai karaya gidan maɗora, ake kiran wanzami ya yi ƙaho, ya san cewa maganar ba ta rasa tushe: yaron da ya buɗe ido ya ga ubansa na aiki ya fara karatu tun kafin ya san karatu yake yi. Amma fifikon nasa daga zama ne da gani da maimaitawa. Sun Toutou ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin a marainiya ta tashi, ba ta san komai game da gidan da ta fito ba. Abin da ya ba ta matsayin magajiya tun ranar farko, a gaban waɗanda suka shafe shekaru suna haddar littattafai, shi ne sunan kakanninta kawai. Wasan ya yi ƙoƙarin gyara wannan ta hanyar nuna wahalar da ta sha kafin ta zama wani abu, amma tubalin da aka ɗora labarin a kansa yana nan yadda yake. Tarihin sana'ar kuwa bai goyi bayan wannan tubali ba. Al'adar ɓoye sirrin magani a cikin gida, a ba ɗa namiji a hana 'ya mace don kada ta kai shi gidan miji, ita ce ta sa ilimi mai yawa ya bi masu shi kabari. Waɗanda sunansu ya wanzu su ne waɗanda suka rubuta suka baza. Li Shizhen ɗan likita ne jikan mai magani, amma abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne shekaru kusan 27 da ya kwashe yana yawo yana tambayar manoma da masunta da mafarauta, yana gyara kurakuran magabata, har ya kammala kundinsa na Bencao Gangmu a 1578 da bayanin magunguna 1,892.

Akwai abin da wasan ya yi da kyau, kuma rashin adalci ne a tsallake shi. Ya nace a kan cewa likita tarbiyya yake fara koya kafin magani, ra'ayin da ke komawa ga Sun Simiao na zamanin daular Tang, wanda ya yi wasiyya cewa likita ya ɗauki mai kuɗi da matalauci, ɗan gari da baƙo, duk a matsayi ɗaya. Ga mai kallon da ya saba bin dogon layi a babban asibitin birni domin ya ga likita na 'yan mintoci, ganin dattijo ya riƙe hannun majinyaci yana tambayarsa yadda yake barci da abin da ke damun zuciyarsa ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin fitowar wasan ma ya taimaka masa. Ana cikin zancensa, alƙaluman hukuma na watan Yunin 2023 suka nuna rashin aikin yi tsakanin matasan birane 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari. Labarin yarinyar da ta sauka daga babur ɗin kai abinci ta sami malami da sana'a da gida a lokaci guda ya sosa wa wannan tsara inda ke yi mata ƙaiƙayi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wasan kwaikwayo marubuci ne ke yanke wanda zai warke. Idan malami ya soka allura ciwo ya lafa, mai kallo ya ga waraka da idonsa, kuma gani ya kori ji, alhali abin da ya gani hukuncin alƙalami ne. Masu suka a cikin Sin kanta sun yi ca a kan yadda wasan ya cakuɗa magani da abubuwan da suka kira camfi, da yadda yake danganta wasu cututtuka, musamman na mata, da halin mai cutar da zamanta da mutanen gidanta. Babu mai musun cewa damuwa na taɓa lafiyar jiki. Haɗarin shi ne matar da ta ji ƙullutu a ƙirjinta ta zauna gyaran hali, tana zargin kanta, har lokacin da tiyata za ta yi amfani ya wuce. Za a iya cewa wasannin asibiti na Amurka da Koriya ma cike suke da ƙarin gishiri, kuma haka ne. Bambancin shi ne wanda ya kalli tiyatar ƙwaƙwalwa ba zai tashi ya yi wa kansa ba, amma wanda ya ji sunan saiwa zai iya sayenta a kantin unguwa kafin gari ya waye.

Abin takaicin shi ne tarihin fannin na da labaran da suka fi na wasan ƙarfi, kuma duk a kan tantancewa suke. A 1969 aka ɗora wa Tu Youyou, wadda ta karanci ilimin haɗa magunguna na zamani kafin ta yi kwas ɗin gargajiya, jagorancin wani rukuni a shirin sirri na neman maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fara a 1967. Rukunin ya tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, ya gwada ɗaruruwan abubuwan da aka tatso daga tsirrai, kusan dukkansu suka faɗi. Ganyen qinghao, wanda dangin tazargade ne, shi ma sakamakonsa ya riƙa hawa da sauka, har sai da ta koma wani littafin masanin magani Ge Hong na ƙarni na 4, ta lura cewa ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a tafasa ba. Ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsa zuwa mai ƙarancin zafi, a 1971 gwajin ya yi nasara a kan ɓeraye, daga baya ita da abokan aikinta suka fara sha da kansu kafin a ba marasa lafiya. Daga nan aka sami atemisinin, ginshiƙin magungunan zazzaɓin da ake rubuta wa mutane a asibitocin Kano da Maraɗi a yau, aka kuma ba ta lambar Nobel a 2015. Tsohon littafi ya nuna hanya, amma gwaji ne ya ware ganye ɗaya daga cikin dubbai. Haka ya faru a Harbin a shekarun 1970, inda Zhang Tingdong da abokan aikinsa suka bibiyi wani haɗin ƙauye mai ɗauke da gubar asenik har aka gano tana maganin wani nau'in sankarar jini.

Ɗaya fuskar kuma ita ce abin da ya faru a birnin Brussels na Beljiyam a farkon shekarun 1990, lokacin da mata sama da 100 da ke zuwa wani asibitin rage ƙiba suka kamu da ciwon ƙoda, da yawansu har sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma sankarar mafitsara ta biyo baya. An gano cewa an musanya wata saiwa da wata mai kama da ita a suna, wadda ke ɗauke da guba mai cin ƙoda a hankali. A 2003 irin wannan guba ta tayar da ƙura a cikin Sin, a wani sanannen ƙwayar magani da mutane suka daɗe suna sha, hukuma ta haramta itacen da ke ɗauke da ita. Tsirran wannan dangi sun shafe ɗaruruwan shekaru a cikin kundayen magani, gwanaye sun miƙa wa almajirai su da kyakkyawar niyya, kuma ba wanda ya kama illar, domin cutar da ke bayyana bayan shekaru ta fi ƙarfin idon malami ɗaya komai ƙwarewarsa. Sai an tara bayanan mutane masu yawa an kwatanta.

Ita kanta fasahar allurar da aka gina labarin Sun Toutou a kanta, wadda UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2010, sakamakon bincike a kanta ya fi abin da wasan ya nuna rikitarwa. A wani babban gwaji da aka yi a Jamus kan masu ciwon baya sama da 1,100, wanda aka wallafa a 2007, kusan kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka soka wa allura a guraben da littafi ya tsara sun sami sauƙi, waɗanda aka yi wa kulawar asibiti da aka saba kuwa kashi 27 ne kawai. Masu sana'ar za su yi murna da wannan. Amma waɗanda aka soka wa allurar sama-sama a wuraren da ba guraben ba ne, su ma kashi 44 sun sami sauƙi. Wato akwai abin da ke aiki, sai dai babu tabbacin cewa sirrin gurbi, wanda shi ne dukiyar da gidaje irin na Jiang ke taƙama da ita, shi ne ke aikin. Likitan zamanin da aka saka a ajin farfesa Ren shi ya kamata ya ɗauko irin wannan tambaya ya riƙe ta har ƙarshe, amma a irin wannan labari aikin mai shakka shi ne ya ga abin mamaki ya sallama.

Ba wai marubutan Sin ba su san waɗannan abubuwa ba ne; filin faɗarsu ne ke da ƙunci. A farkon 2018 'yan sanda daga yankin Mongoliya ta Gida da ke arewacin Sin suka je har Guangzhou suka kama wani likita mai suna Tan Qindong saboda ya rubuta a intanet cewa wata giyar magani da ake yi a yankinsu na da haɗari ga tsofaffi, ya shafe kusan wata uku a tsare kafin hayaniyar jama'a ta sa a sake shi. A 2020 hukumomin birnin Beijing suka fitar da daftarin doka mai hukunta wanda ya ɓata sunan likitancin gargajiya, sai da aka yi ta suka kafin a cire wannan sashe. Fannin ya zama abin alfaharin ƙasa da hajar da ake fitarwa waje, musamman bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka babi a kansa a kundin rarraba cututtuka da ta amince da shi a 2019, duk da ta bayyana cewa babin na ƙididdiga ne, ba shaidar ingancin magani ba. A irin wannan yanayi, wasan da zai nuna almajiri ya gwada haɗin malaminsa ya tarar ba ya aiki zai sha wuya kafin ya kai ga allon talabijin.

Kuma abin da aka nuna a allon ba ya tsayawa a Sin. Akwai wani magani mai suna ejiao da ake samu ta hanyar dafa fatar jaki har ta zama danƙo, wanda gundumar Dong'e ta lardin Shandong ta shahara da shi, ana sha domin ƙarin jini da gyaran fata. Cikin abubuwan da ake dangantawa da farfaɗowar kasuwarsa har da wani shahararren wasan fada na 2011 da aka riƙa nuna matan sarki suna shan sa. Jakunan Sin, da suka kai kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990, suka ragu zuwa ƙasa da miliyan 2, 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Farashin jaki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanni irin su Maigatari, manomi da mai ɗiban ruwa suka fara rasa abin aiki. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016 bayan an sayar da kusan 80,000 a cikin 'yan watanni, adadin da ya kusa ninka na shekarar da ta gabata sau uku, sannan a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da haramta yanka jakuna domin fatarsu a faɗin nahiyar.